Kundin aiki: bin sawun Hausar manya masu koyon Turanci da Larabci a Zariya

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Tsarin aiki ya kammala. Tambayar guda ce: mutumin da ya tashi da Hausa a bakinsa, bai shiga koyon wani harshe ba sai da ya girma ya yi iyali, me koyon ke yi wa Hausar tasa? Hanyar da muka zaɓa ita ce ɗaukar muryar mutane sau uku a shekara, Fabrairu da Yuni da Oktoba, har tsawon shekara biyu, kowa a auna shi da maganarsa ta baya.

Rukuni uku ne, kowanne mutum 12, maza shida mata shida. Na farko masu zuwa ajin Turanci na yamma a Sabon Gari da Samaru. Na biyu masu koyon Larabci, nahawu da magana, a Islamiyyun manya na Tudun Wada da cikin birni. Na uku ba sa zuwa kowane aji, kuma daga unguwannin na farko da na biyu aka ɗauko su, sa'o'insu a shekaru da sana'a. Sharaɗin shiga: shekara 22 zuwa 50, haihuwar Zariya, uwa da uba Hausa suke yi a gida, kuma ba a wuce wata biyu da fara karatun ba.

Iyakar shekarun tana da dalili. Yaro ƙarami yana iya rasa harshen uwarsa ɗungurungum. A 2003 Christophe Pallier da abokan aikinsa sun gwada wasu 'yan Koriya da iyalan Faransawa suka ɗauka riƙo tun suna tsakanin shekara 3 da 8. Da suka girma, ko jimlolin Koriyanci ba su iya tsamowa daga cikin na wasu baƙin harsuna ba. Wanda ya balaga da harshensa kuwa labarinsa daban ne. Monika Schmid ta nazarci hirarrakin Yahudawan Jamus da suka tsere zuwa Ingila da Amurka a shekarun 1930, ta tarar bayan fiye da shekara hamsin nahawun Jamusancinsu yana nan da ƙafafunsa, kurakuran kaɗan ne. Don haka ba ma sa ran Hausar wani ta rushe. Ƙananan abubuwa muke farauta: jinkirin tuno kalma, sauyin furuci, aikatau da ya soma ɗaukar ma'anar da ba tasa ba.

A Zariya babu baligin da kunnensa bai san Larabci ko Turanci ba. Kusan kowa ya yi makarantar allo, da yawa sun taɓa firamare, ga rediyo, ga kasuwa. Mizanin da muka sa shi ne mutum ya kasa jera jimla uku a kan iyalinsa da sana'arsa cikin harshen da yake koyo. Mai hadda da tajwidi yana shiga rukuni na biyu muddin bai iya hira da Larabci ba, amma ana rubuta hakan a takardarsa, domin bakinsa ya riga ya san haruffan.

Talata, 28 ga Janairu

Kayan ɗaukar murya. Rakoda ta hannu, fayil na WAV, samfurin sauti 44,100 a daƙiƙa, bit 16, layi ɗaya. Minti guda yana cin megabait biyar da 'yan kai, awa guda fiye da 300, don haka kati mai gigabait 32 ya wadatar da zagaye ɗaya. Makirufo na ɗaurawa a ka, santimita huɗu daga gefen baki, ba gaban baki ba, saboda iskar *f* da *t* tana bugunsa. Ana saita ƙarfin sauti ya tsaya wajajen desibel -12 a ma'aunin rakoda. Idan ya kai ƙololuwa saman igiyar sautin ya yanke, kuma ba a gyara shi daga baya.

Shawarar cewa mutane su riƙa turo saƙon murya ta WhatsApp don a rage zirga-zirga ba ta karɓu ba. Manhajar tana matse sauti, wayoyi kuma suna goge abin da suka ɗauka hayaniya ce, alhali 'yar fashewar da ke bambanta *ƙ* da *k* tana cikin abin da ke gogewa.

Hunturu yana busar da maƙoshi, murya ta riƙa karcewa, Praat, manhajar auna sauti, ta kasa bin karin sauti. Kofin ruwa mai ɗumi minti biyar kafin a fara yana rage matsalar. Ana kashe fanka. Ɗakin ƙasa mai tabarma da labule ya fi ɗakin siminti da babu kaya a ciki, don na biyun yana amsa kuwwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarfe tara na safe zuwa sha ɗaya da rabi, bayan yara sun tafi makaranta, kafin injinan markaɗe su tashi gadan-gadan. Gidajen da ke bakin titin Kwangila zuwa PZ ba su yiwu ba sam saboda manyan motoci, sai an koma gidan wani ɗan'uwa a cikin lungu.

Mata, mace ke ɗaukarsu a cikin gida, bayan izinin maigida da sanin mai unguwa. Yardar kowa ana ɗaukarta da muryarsa da Hausa, kuma lamba ake sa wa fayil, ba suna ba.

Litinin, 10 ga Fabrairu

An fara zagaye na ɗaya. Gwaji huɗu ne, duka cikin minti 40. Fiye da haka gajiya ke shiga ta kawo irin jinkirin da muke aunawa.

Na farko lissafo kalmomi cikin daƙiƙa 60. Umarnin ba ya sauyawa: "Malam, zan ba ka minti ɗaya, ka lissafo mini duk dabbar da ta zo maka a rai." Daga dabbobi sai kayan miya, sai sunayen dangi, sai wani fanni na sana'ar mutum. Ba ma amfani da gwajin nan na kawo kalmomi masu farawa da harafi kaza, domin iya karatu yake aunawa, kuma wanda ya shiga aji dole ya fi wanda bai shiga ba.

Na biyu furuci. Hotuna ake nunawa, ba rubutu ba, mutum ya sa kalmar cikin jimlar "Na ce … sau biyu", don kada ta faɗo a ƙarshen magana inda wasali ke sauya tsawo. Tagwayen da aka zaɓa: *gari* na zama da *gari* na tuwo, *dafa* abinci da *dafa* bango, *fasa* tulu da *fasa* tafiya, waɗannan don tsawon wasali, *kuka* na hawaye da *kuka* ta miya, *wuya* na jiki da *wuya* ta wahala, don karin sauti, *baki* da *baƙi*, *kada* da *kaɗa*, *saya* da *tsaya*, don baƙaƙe tunkuɗau irin *ƙ* da *ts*, da haɗiyau irin *ɗ*. Kowace kalma sau uku, a gauraye. Abin da ake rubutawa ninkin dogon wasali ne a kan gajere, ba tsawon kowanne shi kaɗai ba, domin mutum yana iya zuwa yau da saurin baki, wata huɗu masu zuwa da nauyin baki.

Na uku gajerun bidiyoyi na daƙiƙa biyar-biyar: ana fasa ƙwai, ana karya kara, igiya ta tsinke, ana yaga takarda, mace ta goya yaro, namiji ya saɓa fartanya, ana naɗa rawani, ana ɗaura zane, ana yafa gyale. Tambayar: "Me ya faru?" Na huɗu bidiyo marar magana na minti uku da muka ɗauka a wata kasuwar ƙauye, mutum ya kalla ya ba da labarinsa ga wanda bai gani ba.

Masu zuwa aji ana ɗaukarsu sau biyu a kowane zagaye: cikin rabin awa bayan tashi daga darasi, da kuma ranar da ba karatu. Ga masu Larabci Alhamis ko Juma'a, ga masu Turanci Lahadi. In ba a yi haka ba, ba yadda za a raba ɗumin darasi da sauyin da ya zauna.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Dole a cire jinsin kalmomi daga ma'aunai, ko a sake masa fasali baki ɗaya. A takardar ƙididdiga ta farko akwai gurbin "kuskuren jinsi", bisa tunanin cewa Turanci ba ya raba tebur da kujera zuwa namiji da mace, don haka mai koyonsa zai soma sakaci da *ce* da *-r*. Gurbin ya cika maƙil tun a fayilolin farko: "motan Alhaji", "rigana ne", "gonan ya yi nisa". Sai dai rukuni na uku, waɗanda ba su taɓa zama a ajin Turanci ba, su ma haka suke magana, wasu dattawan cikin ganuwa ma sun fi kowa.

Zazzaganci ne kawai. Masana karin harshe sun daɗe da rubuta cewa Hausar Zazzau da ta Bauchi suna sassauta bambancin jinsi, *ne* da *-n* su rufe inda Kananci zai sa *ce* da *-r*. Duk wanda ya ɗauki daidaitacciyar Hausa ya ɗora a kan Bazazzage zai fito da sakamako mai ban tsoro, kuma ƙarya ce tsagwaronta. Muna ganin da yawa daga kukan da ake yi cewa boko ya lalata Hausar mutanen garin nan daga wannan ruɗanin ya taso, kuma zalunci ne ga karin harshen da ya girmi makarantar boko.

Akwai ma yiwuwar abin ya juya. Larabci yana raba jinsi da tsanani, har a aikatau da sifa, malamin Islamiyya kuma da Hausa yake fassara *hiya* da *huwa*. Ba mamaki mai koyon Larabci ya ƙara kula da *ce*. Gurbin yanzu ya zama "yawan *ce* da *-r* a kan sunaye mata", ba tare da kiran ko ɗaya kuskure ba.

Litinin, 10 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, an dakatar da ɗaukar murya. Bushewar maƙoshi da ƙarancin barci suna taɓa murya da saurin tunani, ajin dare kuma sun tsaya saboda asham da tafsiri. An koma rubuta fayiloli a ELAN, manhajar rubuta maganar da aka ɗauka. Minti ɗaya na magana yana cin fiye da minti goma, domin ana sa alama a kan kowane shiru da ya wuce kwatan daƙiƙa, da kowane "e…", da maimaici, da inda mutum ya fara kalma ya janye. Mutum biyu ke rubuta kowane fayil na biyar daban-daban, a gwada, don a tabbata kunnuwansu ɗaya.

Litinin, 14 ga Afrilu

Muhawarar da ta fi cin lokaci ita ce wace kalma za a lissafa a matsayin Hausa. *Bokiti*, *tebur*, *asibiti*, *direba* Hausa ne, kamar yadda *littafi*, *alƙalami*, *lokaci* da *sabulu* suka zama Hausa tun da daɗewa. Garin nan kuwa ya jima da zama mahaɗar harsuna: tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari, barikin horar da sojoji, Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962. Mai sayar da tumatir a kasuwar Samaru da bai taɓa riƙe alli ba yana faɗar lambar wayarsa da Turanci. Wannan sauyin gari ne, ba na mutum ɗaya ba.

An tsayar da kaso uku. Na ɗaya, aron da ya zauna, wanda ke cikin ƙamusun Bargery na 1934 ko ƙamusun da suka biyo bayansa. Na biyu, sabon aro da ya sa rigar Hausa: ya karɓi wasali tsakanin baƙaƙe, ya ƙare da wasali, yana iya yin jam'i irin na Hausa. Na uku, kalmar da aka ɗauko ɗanya da furucinta na asali. Abin da muke bi shi ne ƙaura daga kaso zuwa kaso a bakin mutum ɗaya. Wanda a Fabrairu ya ce *burodi* ko *fensir*, ranar da ya haɗe baƙaƙen farko na burodi ba wasali a tsakani, ko ya dawo da *p* a farkon fensir, ya tsallaka daga na ɗaya zuwa na uku.

Sunayen dangi sun nuna amfanin rukuni na uku. *Anti* ta mamaye gurbin *gwaggo* da *inna* har da *yaya* a bakin matasan rukunan duka uku. *Kawu* da *baffa* suna nan. *Taubashi*, *agola*, *facala* da *tattaɓa-kunne* sai daga bakin waɗanda suka haura arba'in, ko suna zuwa aji ko ba sa zuwa. Shekaru ne ke magana a nan.

Bambancin da ya fito fili shi ne na ɗaukar bayan darasi da ta ranar hutu. Bayan darasi jerin kalmomi yana gajarcewa, shiru yana yawa, kuma sau da yawa kalmar sabon harshe ce ke fara zuwa, mutum ya haɗiye ta ya nemo ta Hausa. A ranar hutu yawancin wannan ba ya nan. Ya yi daidai da abin da Jared Linck da Judith Kroll da Gretchen Sunderman suka wallafa a 2009: ɗaliban Amurka da suka je Sifaniya koyon Sifaniyanci sun kawo kalmomin Turanci kaɗan a irin wannan gwaji in aka gwada su da 'yan'uwansu da suka koya a aji a gida, bayan sun koma kuma abin ya warware. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne ƙwaƙwalwa tana danne harshe mai ƙarfi don mai rauni ya samu hanyar fita, dannewar kuma ba ta sakin jiki nan take. Kalmar tana nan, kamar zanen da ke ƙasan adaka ne aka jibga sababbi a kansa.

Talata, 27 ga Mayu

Ruwa ya sauka. Yayyafi ma a kan kwanon rufi yana cika fayil da ƙara a daidai inda ake auna *s* da *ts* da *f*, kuma tace shi da manhaja yana tafiya da abin da ake nema. Dokar zagaye na biyu: hadari ya haɗu, a ɗage. Ɗaki mai rufin azara ko mai silin shi za a fara nema.

Sauraren fayilolin Fabrairu ya fito da wani abu game da masu tambaya. Inda mai tambaya ya gabatar da kansa da "daga jami'a muke", ko ya saki kalmar Turanci guda a gaisuwa, masu koyon Turanci sukan buɗe Ingausa, wasu don nuna ci gaban karatunsu. Inda mai tambaya ya manyanta, ya zo da babbar riga, sai kowa ya tsuke baki ya shiga zaɓen kalma, har da kawo karin maganar da ba ya yi a gida. François Grosjean ya daɗe da bayyana cewa mai harshe biyu yana buɗe ɗayan ko ya rufe gwargwadon wanda ke gabansa. Daga yanzu kowane mutum mai tambayarsa ɗaya ne har ƙarshen aiki, gaisuwa da umarni a rubuce suke, kuma ba kalmar aro ta kaso na biyu ko na uku a cikinsu. Ana fara ɗauka ne bayan hirar minti biyar a kan damina da farashin taki.

Litinin, 23 ga Yuni

Zagaye na biyu ya soma bayan Babbar Sallah. Sauyin furuci da kunne ke kamawa ba tare da na'ura ba a rukunin Larabci yake, kuma a kan tsofaffin kalmomin aro yake sauka. Hausa ta karɓi kalmomin Larabci ta gyara su da bakinta: *kha* ta zama *h* a *alheri* da *Alhamis*, *zal* ta zama *z* a *zikiri* da *zunubi*, *ƙaf* ta zama *ƙ* a *alƙali*, *ain* ta faɗi a *ilimi* da *amali*, wato aiki na ibada. Mai koyo da ya gano asalin kalmar sai ya soma mayar da ita gida. *Alheri* ta dawo da gurzar maƙoshi, *ilimi* ta koma *ilmi* da *ain* ɗinta, *lahira* ta zama *akhira*. Wasu har *lokaci* suke sauyawa da *waƙati*.

Abin lura shi ne kalmomin Hausa na asali ba su motsa ba. *Ƙafa* da *ƙasa* suna nan da tunkuɗau ɗinsu, a bakin da *haƙiƙa* ta koma da *ƙaf* ta can ƙarshen ganɗa. Kuma abin yana bin zance: yana ƙaruwa in ana maganar addini, ya ragu in ana labarin kasuwa. Akwai zaɓi a ciki, domin irin wannan furuci alama ce ta ilimi da mutane ke girmamawa, ba zamewar harshe kaɗai ba. Mun ƙara kalmomin aro 15 a jerin hotuna, kusan rabinsu na addini, sauran na yau da kullum irin su *albasa*, *sukari* da *almakashi*, a ga ko gyaran zai kai can.

A rukunin Turanci abin da ake sa wa ido *f* ce. Bahaushe da leɓɓa biyu yake yin ta, wani lokaci ta kusanci *p*, gaban *u* kuma ta koma *h*, shi ya sa ake da *fuɗu* da *huɗu*. Ta Turanci leɓen ƙasa ne da haƙoran sama, kuma malamai suna shan fama a kan raba ta da *p* tun makon farko. Tambayar ita ce ko sabuwar za ta bi mutum zuwa *fari* da *kifi*. Sauti shi kaɗai ba ya raba su da kyau, don haka an ƙara kyamarar waya mai hoto 60 a daƙiƙa, daga ƙasan hanci zuwa haɓa kawai. Wanda bai yarda da hoto ba an bar shi a kan murya.

Gwajin da ya yi suna a ƙasashen waje, wato auna tazarar da ke tsakanin sakin *t* ko *k* da fara kaɗawar tantanin maƙwallato, ba mu ɗora masa nauyi ba. James Flege ya nuna a 1987 cewa Faransawan da suka daɗe a Chicago *t* ɗinsu ta Faransanci ta karkata zuwa ta Turanci, Charles Chang kuma a 2012 ya ga Turancin masu koyon Koriyanci ya motsa cikin kwas na mako shida. Amma waɗancan a tsakiyar masu harshen suke zaune. Ɗalibinmu na Sabon Gari Turancin Nijeriya yake ji, sau da yawa daga bakin malami Bahaushe, awa biyu a rana, ya koma gida ya ci gaba da Hausa. Muna aunawa don cika rikodi.

Laraba, 16 ga Yuli

Tsawon wasali da karin sauti ba su gusa ba a kowane rukuni. *Gari* da *gari* suna nan rabe yadda suke a Fabrairu. Haka jerin *suka… suka…* na ba da labari, da bambancin *yana* da *yake*, da jam'i masu wuya irin *birane*, *zukata*, *karnuka*. Nan ne ƙashin bayan harshe, kuma wata biyar na ajin yamma bai isa ya taɓa shi ba.

Inda ake ganin motsi aikatau ne, a ɗaukar bayan darasi musamman. Turanci da kalma guda yake biyan buƙatar *fasa* da *karya*, kalma guda kuma ta *sa* da *ɗaura* da *naɗa* da *yafa*. An samu "ya karya ƙwai" da "ta sa zane" a rukuni na farko. "Karya ƙwai" ba ta fito ko sau ɗaya a rukuni na uku ba. "Sa zane" kuwa ta fito a bakin matasansu, don haka ba za a jingina ta ga aji ba. Wadda ta fi jan hankali *ɗauka* ce, tana shiga gonar *sha* da *hau*: "ya ɗauki magani" alhali a bidiyon haɗiya ya yi, "ta ɗauki mota zuwa Giwa". Akwai kuma "ina da ciwon kai" a gurbin "kaina ke ciwo". Irin su "ɗaukar mataki" da "taka rawa" ba ma ƙirga su, tunda rediyo da jarida sun raba wa kowa.

Abu biyu da ba su cikin tsarin farko an ƙara su, domin masu rubutawa sun lura labaran bayan darasi sun fi bushewa. Na ɗaya amsa-kama: *fari fat*, *baƙi ƙirin*, *shiru tsit*, *ya faɗi tim*. Na biyu ƙananan kalmomin da ke ba magana gishiri: *dai*, *fa*, *kam*, *kuwa*, *ma*. Za a ƙirga su a cikin kowace kalma 100. Jimlar da ba su a ciki daidai take a nahawu, shi ya sa gwajin kurakurai ba ya ganin rashinsu, amma tsohuwa tana ji za ta ce wannan magana ba ta da ɗanɗano. Ra'ayinmu shi ne in har akwai zaizayar harshe da za ta daɗe, ta nan za ta fara. Haka za a duba ko "ya saya ya kawo" tana cin gurbin *ya sayo*, da ko "ya yanka da yawa" tana cin na *ya yayyanka*.

Litinin, 11 ga Agusta

Aikin gona ya ɗauke wasu maza daga aji tun Yuni. Ba a cire su ba, an buɗe musu shafi dabam, domin hutun dole gwaji ne da ba mu iya shiryawa da kanmu. Gloria Chamorro da Antonella Sorace da Patrick Sturt sun nuna a 2016 cewa 'yan Sifaniya mazauna Birtaniya da suka je gida ko na mako guda ne, wasu alamun zaizaya sun ragu. Za a ɗauki manoman a makon da suka koma aji, kafin darasin farko. Mace ɗaya ta rukuni na uku ta shiga Islamiyya; fayilolinta biyu na baya sun zama ma'aunin kanta, an mayar da ita rukuni na biyu, ana neman madadinta a unguwarsu.

Talata, 9 ga Satumba

Rubutu bai cikin tsari, amma ya shigo da kansa. Waɗanda suka fara riƙe biro a ajin Turanci da ƙa'idar Turanci suke rubuta Hausa: *ch* a gurbin *c*, *p* a gurbin *f*, *ee* da *oo* don dogon wasali, ba ƙugiya a kan *ɗ* da *ƙ* da *ɓ*. Bakinsu yana raba *baki* da *baƙi* sarai, hannunsu ne bai san hanyar ba, domin ba wanda ya taɓa koya musu rubutun Hausa. Masu ajami na rukuni na biyu su kuma sun soma rubuta kalmomin aro da haruffansu na Larabci na asali. A zagaye na uku za a yi shifta ta jimla goma, kowa da rubutun da ya iya, a kan takarda, domin allon waya yana gyara kalma da kansa kuma ba kowa ya sa madannan Hausa na Gboard ba. Shiftar za ta zo a ƙarshe, bayan an kashe rakoda, kada ganin harafi ya shafi furuci.

An sake hotuna shida da suka ba da matsala. Hoton *kuka* ta miya mutane suna cewa "bishiya", an sauya shi da kwanon garin kuka kusa da ganyen. Na *dafa* bango ana cewa "jingina", an sake ɗauka da tafin hannu a fili. Bidiyon kasuwa an ga wasu sun haddace shi, labarin ya gajarce a karo na biyu, don haka an ɗauki sabo mai tsawo ɗaya da yawan mutane ɗaya, a bakin rafi. Rabin kowane rukuni za su ga tsohon, rabi sabon, a watan Fabrairu a musanya.

Takardar tambayoyi ta samu ƙarin layi uku: da wa mutum ke yin sabon harshen a wajen aji, awa nawa a mako, da kuma ko akwai wanda yake hira da shi da Hausa zalla ba gauraye, kamar kaka ko suruka. Zagaye na uku zai fara Litinin, 6 ga Oktoba, da rukuni na uku, daga unguwannin Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan.